Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ollelewa, 25 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Alhassan da duk mutanen Belbeji. Radiya, matar yayanki da ba ta iya riƙe magana, ta raɗa mini dalilin da ya hana ki hawa mota kwanan nan. Ni ban ji komai ba, ban san komai ba. Allah dai ya raba lafiya.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. Wayar ba ta da sirri a ɗakin nan. Da na danna zan yi magana sai Inna ta daina tsintar wake ta kasa kunne, Radiya ta leƙo, ni kuwa in ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Takarda kuwa ni kaɗai ke iya karanta ta a gidan nan. A rigingine nake rubutu, na ɗora faifai a ƙirji, saboda haka in kin ga layin ya hau tudu ya gangara kada ki yi mini dariya, ke da na koya wa riƙon alƙalami.

Safiya, ranar da kika zo duba ni asibiti a Damagaram mun ce miki tsagewar ƙashi ce, wata biyu zan miƙe. Ƙarya muka yi miki. Ranar da motar kasuwa ta kife da mu a hanyar Tanut, Inna tana gaba kusa da direba, ta fita da ƙwarzane a goshi. Ni ina sama, buhunan wakenmu suka sauka a gadon bayana. Likita ya ce ƙashin ya karye ya taɓa laka. Daga cibiya zuwa ƙasa ba na jin komai. Shekaranjiya shayi ya zube mini a cinya, sai da na ga tururi na sani. Fitsari ta roba yake fita. Sauran ba zan rubuta miki ba, Radiya ce ta san shi, Allah ya saka mata.

Tafiya kam na cire rai, kuma na yi kukana na gama. Abin da nake nema yanzu zama ne. In zauna kamar kowane mutum, in ci tuwo ba tare da ya bi mini ta hanci ba, in ga fuskar wanda ya zo gaishe ni maimakon haɓarsa. Likitan ya ce akwai aikin da ake yi a Yamai, a sa ƙarfe ya riƙe bayan, daga nan in iya hawa keken guragu. In na samu haka, zan kafa tebur a bakin kasuwa in ci da iyalina. Amma ya ja kunnenmu, ya ce ƙashin yana nan yana haɗewa a karkace, kada mu bari damina ta faɗi ba a yi ba. Da Kawu Sahabi ya ji abin da aikin zai ci, sai ya cire hula ya riƙe a hannu. Ko an sayar da gonar Baba da awakin Inna ba za su kai ba.

A nan ne nake son ki yi wa Malam Alhassan godiya. Shi ya sanar da mu cewa motar tana da asirans, wato inshora, kuma doka ta ɗora wa kamfanin biyan diyyar wanda ya ji rauni. Shi ya haɗa mu da lauya a Damagaram, Metir Usman. Kawu ya kai masa dosiye: takardar jandarma, takardun asibiti da Inna ta adana a ƙasan kwalla, da katina na ɗan ƙasa. Lauyan ya ce magana ce a fili, wata biyu ta yi yawa.

Mutanen gari suna ta faɗa, wai mai neman diyya bai yarda da ƙaddara ba. Na yarda da ita, ai ga ni kwance a cikinta. Direba ma na yafe masa, ya zo har gida ya yi kuka. Ni dai zama nake so.

Ki gaida Malam. Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage cin tsami.

Yayanki,
Citumu

Ollelewa, 18 ga Maris

Ƙanwata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya zafi, ya ƙarfin jiki? Saƙonki ya iso, man shafawa da zannuwa biyu. Allah ya yi albarka. Mikin da ya fito mini a ƙugu ya ɗan kame.

Juya takardar nan ki ga bayanta. Fotokofin dosiyena ne. Ya dawo, kuma tunda ba shi da wani amfani na ce bari in yi wasiƙa da shi. Kamfanin asirans ya ce mutumin da ke neman diyya ba shi ne wanda ya karye ba. A takardar jandarma da katina, Abdulgani Idrisa ne ya faɗi a mota. A takardun asibiti kuwa, wanda aka kwantar wata biyu da karyayyen baya sunansa Citumu Malam. Suka ce su ba su san wannan ba, ba ya cikin motarsu.

Na san kin riga kin gane, kuma na san kin dafe baki. Ranar hatsarin ina sume, katina yana gida a aljihun wata riga. Inna kaɗai ce tare da ni. Mai rubutu a ƙofar asibiti ya tambaye ta sunan majinyaci. To, ni ne ɗan farinta, kuma kin san tun da ta haife ni sunana na yanka bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko wani Abdulgani ta gani a hanya, mai sunan yaron nan take ce masa. Sai ta ba da sunan da take kirana da shi, na wanda aka haifa ana cin tumu. Ya tambayi sunan uba. Shekara takwas da rasuwar Baba, amma wace mace ce irin Inna za ta kama sunan mijinta a gaban baƙo? Ta ce Malam. Ya rubuta, ta dangwala yatsa. Jandarma kuwa washegari suka zo, Kawu ya ba su sunana na gaskiya.

Wata biyu ma'aikatan asibiti suna ce mini Citumu ina amsawa. Me zai sa in yi mamaki? Duk Ollelewa haka ake kirana, har ke marar kunya. Takardun kuma suna cikin leda a ɗaurin zanen Inna, ban taɓa cewa a miƙo mini in duba ba. Ni da na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida. Wannan ne ke cin raina fiye da komai.

Da Kawu ya gama bayani na yi dariya har hawaye, don ban san me zan yi ba in ban yi dariya ba. Inna tana bakin ƙofa. Ta tashi ta shiga bayan rumbu ta daɗe.

Kawu ya koma asibiti a gyara. Suka ce abin da ya shiga babban littafi ba ya goguwa sai da takardar alƙali, wadda za ta tabbatar cewa mutum biyun nan mutum ɗaya ne. Ya je gidan shari'a na Tanut da maigari don su yi shaida. Sau uku yana zuwa. Farko an ce a kawo takardar haihuwata, na biyu an ce hatimin bai fito sosai ba, na uku aka karɓa aka ce a jira kira. Tsoho ne, Safiya, gwiwarsa ma ciwo take. Duk dawowar da zai yi sai ya tsaya a zaure ya gyara fuska kafin ya shigo, ya manta ina jin takunsa.

Ni kuwa ba abin da zan iya. Maganata ce ake yawo da ita gari gari a cikin leda, ni ina nan ina ƙirga azarar ɗaki. Goma sha bakwai ce, ɗaya gara ta fara ci.

Kada ki yi wa Inna maganar nan a waya. Ki gaida Malam, ki ce masa Metir Usman ya ce har yanzu da sauran lokaci.

Naku,
Citumu, ko Abdulgani, duk wanda suka yarda da shi

Ollelewa, 11 ga Yuni

Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya da abin da kike ɗauke da shi. Ki yi haƙuri da shiruna. Na fara wasiƙar nan sau biyu ina yagawa.

An kira mu Tanut ranar Talatar da ta wuce, kuma alƙali ya ce yana son ya gan ni da idonsa. Aka cire ƙyauren ɗakina aka shimfiɗa ni a kai, mutum huɗu suka ɗora ni a bayan mota. Kowane rami na hanyar nan na san shi yanzu da haƙorana. A ofishin alƙali aka ajiye ni a ƙasa kusa da tebur, ina kallon fanka da takalman mutane.

Kamfani ya aiko nasa lauyan, wani mai ladabi da farar riga. Ya gaishe ni da kyau, ya yi mini sannu. Sannan ya ce mutum talatin ne a motar nan, kowa zai iya ɗauko takardar wani majinyaci ya ce tasa ce. Shaidar Kawu da maigari ba ta ishe shi ba, don ba su ne suka ba da suna a asibiti ba. Wadda ta dangwala yatsa ita za ta faɗa da bakinta, ba tare da an laƙƙana mata ba, mene ne sunan ɗanta na yanka da na ubansa. Ya ce gyaɗa kai ba shaida ba ne. Bahaushe ne fa, Safiya, ɗan Damagaram. Ya san abin da ya roƙa sarai.

Inna ta miƙe. Ta ce ɗanta ne, ita ta haife shi, a kawo Alƙur'ani ta dafa. Alƙali ya ce ya yarda, sunan kawai ake so. Ta buɗe baki ta rufe. Ga Kawu yayanta, ga maigari, ga maza baƙi cike da ɗaki. Ta ce yaron nan ne dai. Alƙali ya ba ta lokaci, har ya sa aka kawo mata ruwa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, shi ke nan. Aka ɗage zama zuwa ƙarshen Agusta, wai lauyan kamfani ba shi da sarari kafin nan.

Yanzu ga abin da ya sa nake yaga takarda. Da muka dawo gida aka mayar da ni kan katifa, na buɗe baki na gaya wa Inna maganar da ɗan halak ba ya gaya wa uwarsa. Na ce kunyarta ta fi mata bayana. Na ce shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kirana ba, yau ma da nake ruɓewa a gabanta ba za ta iya ba. Na ce da ta bar ni a bakin hanya da ya fi. Da ƙarfi na faɗa, maƙwabta sun ji. Radiya ta fita da gudu tana kuka.

Da la'asar Inna ta shigo da ruwan ɗumi kamar kullum, ta juya ni, ta wanke mikin, ta shafa man da kika aiko. Na so in ce ta yafe mini, harshena ya yi nauyi. Ashe ni ma akwai abin da bakina ba ya iya faɗa, kuma nawa bai kai nata wuya ba. Sai bayan kwana uku na iya, ta ce ba ta ji na ce komai ba.

Jiya hadari ya haɗu a gabas. Duk gari ya fito yana murna, an fiddo iri, yara na ihu. Ni kaɗai ne manomi a ƙasar Damargu da gabansa ke faɗuwa in ya ji ƙanshin ruwa. Allah ya yafe mini, har na ji daɗi da iska ta watsa shi. Amma zai dawo, kuma ya kamata ya dawo, mutane na jin yunwa.

Ki yi mini addu'a. Ki gaida Malam.

Yayanki,
Citumu

Ollelewa, 14 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu, uwar ɗa,

Assalamu alaikum. Barka, barka da arziki! Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne. Ya jikin, ya ruwan zafi? Da Malam Alhassan ya bugo waya ya ce namiji ne, Radiya ta yi guɗa har awaki suka watse. Ke da nake goyawa zuwa gona, yau ke ce da ɗa. Inna za ta taho jibi da Kawu, ita za ta ba ki takardar nan, ba ta san abin da ke ciki ba.

Kin ji a waya cewa an ba mu takardar alƙali. Ba ki ji yadda aka yi ba. Tun cikin Yuli Radiya ta ce mini tana ganin Inna tana zuwa garken awaki da hantsi tana magana ita kaɗai. Rannan ta laɓe ta saurara. Sunana take koyo, Safiya. Tana faɗa wa awaki a hankali, ta tsaya, ta waiga, ta sake. Wata biyu tana wannan.

Ranar zama aka sake cire ƙyauren. Ɗakin nan dai, fankar nan dai, lauyan nan da farar rigarsa. Alƙali bai gama tambaya ba Inna ta miƙe. Ba ta rufe fuska ba. Ta kafa wa bango ido ta ce sunansa Abdulgani, ubansa Idrisa. A hankali ta faɗa, kamar mai ɗauke da tulu cike. Kawu ya sunkuyar da kai, maigari ya kalli taga. Ni kuwa na sha jin sunan nan a bakin malaman lakwal da jandarma, ban taɓa sanin haka yake da daɗi ba. Na yi kuka a gaban mutane, hawaye na shiga mini kunne, ban iya sharewa ba don kunya. Inna ta zauna a ƙasa wajen ƙafafuna ta kama babban yatsana ta riƙe. Ban ji ba, gani na yi.

Lauyan kamfani ya ce ba shi da ja. Metir Usman ya ce yanzu diyya za ta fito, wataƙila bayan kaka.

Daga Tanut aka wuce da ni Damagaram aka sake ɗaukar hoton bayana, likita ya aika wa na Yamai ta waya. Amsa ta zo ranar Litinin. Ƙashin ya riga ya haɗe a karkace. Sun ce in aka taɓa shi yanzu, ɓarnar za ta fi gyaran. Da an zo kafin ruwa, in ji su. Abin da ya rage shi ne a riƙa tokare ni da matasai, in kishingiɗa na ɗan lokaci in bayan ya yarda. Kuɗin zama za su zo su tarar da ni kwance. Za a sayi katifa mai kyau da robar fitsari, a rufa wa Radiya da yara asiri. Na gode Allah, ba zan ce ban gode ba. Amma teburin nan na bakin kasuwa, na riga na jera masa kaya a raina, har inda zan ajiye sikari.

Ni da Kawu da Radiya muka sani, yanzu sai ke. Inna ba ta sani ba. A wajenta ta biya abin da aka nema, saura tafiya. Ta wanke babbar rigata ta sallah ta ninke, wai da ita zan shiga Yamai. Ta daka mini ƙuli-ƙuli na guzuri. Jiya ta gasa tumun farko na gonar Baba ta murje mini a tafin hannu, tana cewa baɗi war haka da kaina zan zauna in gasa. Na ci, na ce in sha Allahu. In na gaya mata, za ta ƙirga watannin nan uku da aka ɗage zama ta ɗora wa kanta, kuma ni na riga na ɗora mata da bakina tun a watan Yuni. In ban gaya mata ba, rigar tana nan a ninke tana kallona. Ban san yadda zan yi ba. Kada ki faɗa mata a gidan suna. Ki bar ta ta yi murnar jikanta, in ta dawo zan nemi bakin da zan faɗa da shi.

Malam ya ce sunana za a sa wa yaron. Na ji daɗi ƙwarai, amma na san abin da zai biyo baya. Ɗan fari ne, kuma mai sunan yayanki, kafin a watse daga wajen suna kin laƙaba masa wani abu. Ban hana ki ba, ki yi kunyarki a gaban surukai, haka muka taras. Abu ɗaya nake roƙo. In kun rage ku biyu a ɗaki, ki kira shi da sunansa a kunne, ko sau ɗaya a rana, don bakinki ya saba. Ranar da mai rubutu zai tambaye ki, kada ya zama ranar ce farko.

Ki gaida Malam da 'yan barka. Ki shafa mini kan takwarana.

Yayanki mai ƙaunarki,
Abdulgani Idrisa, kamar yadda Inna ta faɗa